Yadda Za Ka Zama Gwanin Lissafin Ƙiyasi Ba Tare Da Ka Gane Komai Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, in kana karanta lissafi ko injiniyanci a jami'a, akwai kwas ɗin da yake jiranka a shekarar ƙarshe: lissafin ƙiyasi. A nan ake koya maka yadda za ka yi da tambayar da ta ƙi ba da amsarta kai tsaye. Ka yi hasashe, ka gyara, ka sake gyarawa, har ka matso kusa da gaskiya yadda ba mai ce maka komai. Mutane suna shan wuya a kansa ne don sun nace sai sun fahimta. Kai ba sai ka sha ba. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin kafin tsakiyar zango 'yan ajinku za su riƙa matsa maka a benci, alhali ko abu ɗaya ba ka sani ba.

Ba daga kaina na ƙago su ba. An gwada su a kan wani saurayi, autan gidansu, wanda 'yan aji suka laƙaba wa Farfesa. Duk inda ya bi hanyar nan ya ga haske. Inda ya kauce kuma, za ka ji abin da ya same shi.

1. Zauna a gaba, ka iya gyaɗa kai

Benci na biyu za ka nema, kusa da taga, inda malami zai ga fuskarka amma idonsa ba zai kai kan littafinka ba.

Nan Farfesa ya kafa sansani. Malamin kwas ɗin wani dattijo ne mai ƙaramar murya, kowa Dakta yake ce masa. Da hankicinsa yake goge allo, in zufa ta taso kuma ya manta ya share fuska da shi. Ranar farko ya koyar da hanyar raba-biyu: amsa tana tsakanin lambobi biyu, ka raba tazarar gida biyu, ka yar da ɓangaren da ba ta ciki, ka sake raba abin da ya rage, kana yi kana matse ta har ta rasa wurin ɓuya. Abu ne mai sauƙi. Da Farfesa ya saurara da ya gane. Amma ranar hankalinsa yana kan wani saƙo da aka karanta ba a ba shi amsa ba, sai ya gyaɗa kai kawai.

Gyaɗa kai fanni ne. Kada ka yi shi a kowace jimla, za a ɗauke ka mai gyangyaɗi. Jira malami ya ja numfashi, sannan ka yi sau ɗaya a hankali, ka ɗan tsuke fuska kamar ka yarda amma da sauran magana a ranka. Wanda yake bayanka ba ya ganin ƙwaƙwalwarka, ƙeyarka yake gani.

2. Haddace jimla uku

"Ya danganta da inda ka fara." "Kuskuren yana raguwa." "A ƙa'ida dai haka ne." Daga bakin Dakta Farfesa ya tsince su, kuma da su ya amsa duk tambayar da aka yi masa a bakin ɗakin lacca. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, domin ba ya faɗin abin da za a iya kamawa.

Gargaɗi ɗaya: kada ka kai su gida. Wata rana Umma tana ninke kayan wanki a falo ta tambaye shi me suke karantawa da har ya daina zama cin abinci da su. Ya gyara zama ya ce mata wani lissafi ne mai zurfi, wanda ba a samun amsarsa cif-cif, sai dai a yi ta matsowa kusa. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube shi.

"To Auta, shekara huɗu kana jami'a don a koya maka kusa-kusa? Ai ni ma haka nake zuba gishiri."

Ya ce a ƙa'ida dai haka ne. Ta ce ya ɗauki kayansa ya kai ɗaki.

3. Bar kwamfuta ta yi zufar

Aikin gida ba naka ba ne, na na'ura ne. Nemi wanda ya gama bara ya tura maka manhajar da ya yi amfani da ita. Ka canza lambobin da ke sama, ka danna, sai jadawali ya zubo kamar ruwan famfo. Kada ka yi aikin a ɗaki inda ba mai gani. Farfesa a kantin shayin da ke bayan sashensu yake buɗe kwamfutarsa, ya juya fuskarta wajen masu wucewa, lambobi suna gudu a kan baƙin gilashi, shi kuma ya dafe haɓa yana kallonsu kamar likita a gaban hoton ƙirji. In ya rubuta amsa, sai ya jera lambobi goma bayan ɗigo. Mutum bai cika musu da mai lambobi goma bayan ɗigo ba.

A kantin nan aka fara kiransa Farfesa. Sunan ya yi masa daɗi har ya daina waiwayawa in an kira na yanka.

4. In an roƙe ka ka koyar, ka ɗan ja rai, sannan ka yarda

Ba makawa za a zo. Wadda ta zo wa Farfesa ita ce Anti, babbar ajin. Malamar makarantar sakandare ce, ta kusa haifar rabin 'yan ajin. A wurin aikinta aka ce ko ta kawo digiri ko a ba wani ajinta, shi ya dawo da ita benci. Kullum mijinta yake sauke ta a babur, da jaka cike da littattafan ɗalibanta, tana dubawa da jan biro tsakanin lacca da lacca. Duk sauran kwasa-kwasan ta ci, wannan ne ya tsaya mata a wuya. Sau biyu tana faɗuwa, dokar sashen kuma ta ce wanda ya faɗi na uku sai ya tattara nasa ya nasa.

Ta same shi a kantin, ta ja kujera ta zauna da nishi. Ta ce ta lura shi kaɗai yake bin Dakta tiryan-tiryan, ita kuwa da an wuce layi na biyu a allo sai kanta ya ɗau zafi.

"Ƙanena, kai Allah ya buɗa maka. Ka taimaka mana da bita ko sau ɗaya a mako."

Ya ce lokacinsa ya yi ƙaranci. Ya ce zai duba. Washegari ya yarda. Daga Anti da ƙawarta, masu zuwa bitar suka yi ta ƙaruwa har suka cika wani ƙaramin aji mai karyayyar fanka. Dabarar bita kuwa ita ce ka kwafe misalin da ke cikin littafi a allo da kyakkyawan rubutu, kana juyowa kana cewa, "Muna tare?" Ba wanda zai so ya zama shi kaɗai ne ba ya tare.

5. In lambobi suka yi maka gardama, ka raba musu gardamar

Ranar da aka zo kan hanyar Niyuton ne abin ya so ya kwaɓe. Ita wannan hanyar sauri gare ta: ka jefa hasashenka cikin fomula, ta fito maka da wanda ya fi shi, ka sake jefa shi, kafin ka yi zagaye kaɗan lambobin sun nutsu wuri ɗaya. Farfesa ya kwafe misalin littafi lafiya lau. Yana shirin kakkaɓe hannu sai Anti ta ɗaga wata tsohuwar takardar jarrabawa, ta ce ga tambayar da ta kayar da ita bara, ko zai gwada musu. An ce a fara daga sifili.

Kwamfutarsa ba caji, kuma idanu sun yi masa yawa. Ya ɗauki alli. Ya sa sifili a fomula, ta ba shi ɗaya. Ya yi murmushi. Ya sa ɗaya, ta ba shi sifili. Ya sake sa sifilin, ɗaya ta dawo. Ya cika rabin allo, sifili, ɗaya, sifili, ɗaya, kamar mai lilo. Ya ji rigarsa ta manne masa a baya. Fankar nan tana ta ƙara ba iska.

Ya juyo ya ce ya danganta da inda ka fara. Abin mamaki, wannan gaskiya ce tsagwaronta, ita ce ma amsar tambayar, sai dai shi bai sani ba. Anti kuwa biro a hannu take jira.

"To ƙanena, amsar fa? Me za mu rubuta?"

A nan gwani yake bambanta da ɗan koyo. Farfesa ya dubi allon ya ce tunda lissafin yana kai-komo tsakanin sifili da ɗaya, ai a fili yake cewa amsar tana tsakiya. Ya rubuta rabi, ya ja masa layi biyu. Aji ya sauke ajiyar zuciya. Anti ta kwafa, ta zagaye shi da jan bironta, tana cewa ashe abin da ya wahalar da ita shekara guda ke nan.

Lura da kyau: layi biyun nan su ne sirrin. Amsar da aka ja wa layi ɗaya ana iya tuhumarta.

6. Abin da ka koyar, kada ka taɓa shi a gwaji

Gwajin tsakiyar zango ya zo da tambaya uku, a zaɓi biyu. Ta farko ita ce tambayar nan, ko waƙafi ba a canza ba. Farfesa yana ɗaga kai suka haɗa ido da Anti daga can gefe, ta ɗan ɗaga masa biro fuskarta a sake. Shi kuwa cikinsa ya san rabin nan ba shi da uwa ba shi da uba. Ya tsallake ta, ya yi fama da sauran biyun da abin da ya haddace.

Da aka raba takardu, makinsa ba abin nunawa ba ne. Ninke taka gida huɗu ka sa a aljihu, in an tambaya ka ce Dakta akwai rowar maki. 'Yan bita da dama sun ci sifili a tambaya ta farko, suka zo da ƙorafi. Ya ce musu wataƙila wajen kwafa ne suka tsallake wani layi. Suka duba littattafansu, suka dubi fuskarsa, suka yarda da fuskar.

Zuwa nan Farfesa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya daure, da yanzu wani labarin ake yi.

7. In wani ya ɗauki laifinka ya ɗora wa kansa, ka bar masa

Bayan an tashi ya biyo ta matakalar baya don ya kauce wa jama'a, sai ya tarar da Anti zaune a kan matakala, jakarta a gefe, tana duba littattafan ɗalibanta. Ba kuka take yi ba. Ta matsa masa ya wuce, sannan ta kira shi ta ce tana so ta yi masa godiya tun kafin ta daina zuwa. Ta yi shawara za ta janye da kanta, ya fi a kore ta. Ta ce babbar 'yarta ta taɓa tsintar takardarta ta bara a jaka, ba ta ce komai ba, sai dai ta mayar ta rufe zif ɗin a hankali, kuma ba ta so a sake haka.

"Kai ka yi iya yinka. Ni ce kan ya tsufa. Abin da aka rubuta mini a allo ɓaro-ɓaro ma na kasa kwafewa daidai."

Ga dama ta samu. Abin da za ka yi a nan shi ne ka sunkuyar da kai, ka ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ka wuce. Shaidar da ta fi kowa haɗari za ta tafi da ƙafarta, tana ma sa maka albarka.

Farfesa ya faɗi hakan, ya sauka har ƙasa. A ƙasan ya tsaya, hannunsa a kan ƙarfen matakala, yana jin ƙarar bironta a kan takarda. Ya so ƙafarsa ta ci gaba, ta ƙi. Ya hauro.

"Anti, daidai kika kwafa. Ni ne ban sani ba. Rabin nan ƙirƙirarsa na yi."

Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun ranar farko. Ta rufe biron, ta jera littattafan a jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da a ajinta yake da sai ya wuni a durƙushe, kuma ba don ya ƙi sani ba. Sannan ta miƙe ta ce ya wuce gaba.

8. Ko da wasa kada ka shiga ofishin malami

Ofishin Dakta ƙarami ne, takardu sun cinye kujerun, sai da Farfesa ya sauke wani tuli a ƙasa kafin Anti ta sami wurin zama. Shi a tsaye ya yi bayani. Dakta ya saurara yana juya cokali a kofin shayi. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun da ya ga takarda bayan takarda da rabi mai layi biyu ya san rijiya ɗaya aka ɗebo, yana dai jiran mai rijiyar ne. Maki kuwa ba zai canza wa kowa ba.

Ya jawo bayan wata ambulan ya zana lanƙwasar tambayar, wato layin da lissafin yake bi in an zana shi. Ya nuna musu wani kwari tsakanin sifili da ɗaya, inda hanyar take faɗawa ta yi ta kai-komo in an fara daga can. Amsar tana can hagu, ƙasa da sifili, nesa da inda suke nema. Ya sa Anti ta fara daga biyu ƙasa da sifili. Ta danna kalkuleta. A zagaye na uku lambobin suka daina motsi. Ta sake dannawa don ta tabbatar, ba su motsa ba.

Dakta ya juyo kan Farfesa ya tambaye shi ko ya taɓa mayar da rabin nasa cikin tambayar ya ga ko zai ba da sifili. Bai taɓa ba. Bai ma san ana yi ba.

"Za ka faɗa wa ajin da bakinka," in ji Dakta. "A allon da ka ɓata."

Haka aka yi. A lacca ta gaba ya tsaya gaban kowa ya warware abin da ya ƙulla. Wasu suka yi dariya, wasu ba su sake gaishe shi ba. Kafin a fita daga ɗakin an cire masa Farfesa an maye masa da Rabi, har masu shayi suka ɗauka. Saurayi da gemunsa, a tsakiyar kanti a ce, "Rabi, shayinki ya huce."

Ajin bita ya watse, ya rage shi da Anti. Suka koma shafin farko, hanyar raba-biyu, da hannu da kalkuleta, kowace amsa sai an mayar da ita cikin tambaya. Ita ta riga ta san fiye da yadda take zato, mai rikita ta kawai take buƙatar ya daina. Shi kuwa daga tushe ya faro, ga lokaci ya ƙure. Wata rana yana lissafin faɗin da ke ƙarƙashin wata lanƙwasa, yana yanka ta siri-siri yana tarawa, sai ya ga lambar farko bayan ɗigo ta tsaya, ta biyu ta tsaya, ta uku ta bi su. Ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, har ya rasa wanda zai nuna wa sai Anti.

Ka kiyayi wannan daɗin. Wanda ya ɗanɗana shi ya tashi daga gwani ya koma ɗalibi, kuma ba a dawowa.

9. In ta ƙure, nemi a cike maka

Sakamako ya fito. Anti ta haye, ba da rata mai yawa ba, amma ta haye. A gaban allon sanarwa ta kira mijinta, ta kasa magana, sai ta miƙa wa Rabi wayar ya faɗa masa. Shi kuma da aka haɗa makin gwaji da na jarrabawa, talatin da tara da ɗigo huɗu ya samu. Arba'in ake nema.

Ya koma ofishin. Ya gaida Dakta, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce tunda dai kwas ɗin gaba ɗaya a kan matsowa kusa yake, ko za a duba a ce ya iso. Dakta ya ajiye kofinsa ya tambaye shi, in aka cike talatin da tara da ɗigo huɗu zuwa lamba mafi kusa, nawa ke nan.

Da Farfesan da ne, da ya ce ya danganta. Rabi kuwa ya amsa kai tsaye.

"Talatin da tara, Dakta."

"Tsakaninka da arba'in ɗin fa, kuskuren kashi nawa ne cikin ɗari?"

Ya yi lissafin a ka. "Ɗaya da rabi."

"Daidai," in ji Dakta. "Ka ga yanzu ka fara. Sai baɗi."

Ya fito da shekara guda a kansa, abokansa suna auna rigar kammala karatu. Anti tana jiransa a baranda. Ta ga fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta ciro kalkuletarta daga jaka ta sa masa a hannu, ta ce ita ta gama da ita, kuma duk Asabar ya zo gida ya yi aikinsa a teburinta, inda za ta riƙa ganinsa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya wanke hannunsa tas. Duk wanda ya bi matakan nan aka tona shi a gaban aji, ko aka sauya masa suna, ko ya maimaita shekara, shi ya jiyo. Wanda kuma ya bi su har ƙarshe lami lafiya, ya fita da digiri, aka ba shi lissafin gada ko na bene, to don Allah ya sanar da mu wace ce, mu canza hanya. Tabbacin da aka bayar a sama ƙiyasi ne, kuma ba a mayar da shi cikin tambayar an duba ba.